Ku Tambayi Akanta: Digiri ta Intanet, Kwali da Littafin Bashi

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru min a wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya, wato karatun digirin akanta ta intanet. Na ɗauki huɗu daga ciki. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye, na bar unguwa da sana'a. Ta farkon za ta ci mana wuri, ku yi haƙuri, amsarta ta shafi sauran ma.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, shekarata 25, shekara bakwai ke nan ina tare da maigidana muna sayar da atamfa da shadda. Na gama sakandare da kiredit shida, har da Turanci da lissafi da darasin tattalin arziki. Na yi JAMB sau biyu ban samu gurbi ba, sai na kama kasuwa. Ni ke riƙe da littafin bashi na shago. Ina son karatun akanta amma ba zan iya barin kasuwa ba, don ni ke ɗauke da mahaifiyata da ƙannena. An ce ana yin digiri ta waya. Gaskiya ne? Kwalin yana aiki kuwa? Wasu na ce min na bogi ne. Daga mai karatu a Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi wa nema albarka, ya saka maka kan ɗawainiyar mahaifiya. Ana yi, kuma kwalin na gaske ne muddin makarantar ta gaske ce. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke da wuƙa da nama a wannan magana. Tambaya biyu za ka yi wa kowace makaranta kafin ka ciro ko sisi. Ta farko, NUC ta ba ta lasisi? Ta biyu, shi wannan kwas na akanta, a tsarin karatu daga nesa, NUC ta amince ta koyar da shi? Ka riƙe ta biyun da kyau, a nan mutane suka fi faɗawa rami. Jami'a kan zama halastacciya amma ba a ba ta izinin koyar da kwas kaza daga nesa ba. Hukumar tana wallafa sunayen a shafinta na intanet. Ka duba da idonka, gani ya kori ji.

Mafi kusa da kai ita ce buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN. Ta gwamnatin tarayya ce. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002 lokacin Obasanjo. Ɗan garin nan, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tana da cibiya a nan Kano, a Sauna ta wajen Dakata, kuma tana ba da digirin farko a fannin akanta, shekara huɗu ga wanda ya shiga da sakamakon sakandare. Ba ita kaɗai ba ce. ABU Zariya na da cibiyar karatu daga nesa, Jami'ar Legas ma haka, ga kuma Miva da ke Abuja, mai zaman kanta, wadda ta samu lasisi a 2023. Idan kai mai son ganin malami ido da ido ne, BUK na da makarantar ci gaba da karatu a titin Aminu Kano, don masu aiki da ba za su iya zaman aji kullum ba. Kiredit ɗinka sun wadatar, tunda biyar ake nema har da Turanci da lissafi. A NOUN ba sai ka sake zaman jarrabawar JAMB ba, amma dole sunanka ya shiga rajistar JAMB ɗin. Ka bi wannan tun shekarar farko, kada ka bari sai ka gama a ce babu sunanka.

Yadda karatun yake kuwa, ba kamar kallon bidiyo a waya ba ne. Kowane zango za ka yi rajistar kwasa-kwasai, ka sauke littattafansu, ka karanta da kanka. Akwai darussan da malamai ke gabatarwa ta intanet. A NOUN akwai aikin gida da ake kira TMA, shi ke ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawa kuma 70. Jarrabawar nan ba daga shago za ka yi ta ba, sai ka je cibiya da ƙafarka. A shekarun farko kan kwamfuta ake yi, daga aji uku a koma biro da takarda. Kuɗin makaranta kuma ta hanyar da makarantar ta tsara za ka biya, ka karɓi rasit. Duk wanda ya ce ka tura asusunsa shi zai ƙarasa maka, ka yi masa sallama.

To yanzu bari in zo kan abin da ya sa wasiƙarka ta tsaya min a rai. Ka ce kai ke riƙe da littafin bashi. Ƙanena, kana zaune a kan abin da ɗaliban da ke cikin jami'a suke nema ba su samu ba. Ni da littafi irin naka na fara, a rumbun wani dattijo mai sayar da hatsi a Dawanau, Allah ya jiƙansa, ina zuwa karatun difloma da yamma. Abin da malami ya faɗa a aji da daddare, da safe ina ganinsa a buhunan gero da wake. Har yau ban ga hanyar koyon aikin nan da ta kai wannan ba.

Ga misali daga shagonku. A ce kun saro turmi 100 na atamfa, kowane a kan naira 12,000. Kuɗin kaya ya kama 1,200,000. Kun biya 700,000, dila na bin ku 500,000. A cikin wata kuka sayar da turmi 60 a kan 14,000, ciniki ya kama 840,000. A ciki an biya ku 540,000, wani abokin ciniki daga Maraɗi ya tafi da kayan 300,000 sai ya dawo. Dako da abinci da sauran hidima sun ci 35,000. Ranar ƙarshen wata maigida ya duba aljihun tebur da asusun banki, sai ya ga kuɗin hannunsa sun ragu da 195,000 a kan yadda suke kafin sarin. Ransa ya ɓaci, ya fara kallonka. Alhali kuwa riba aka ci. Turmi 60 ɗin nan kowane ya kawo 2,000, wato 120,000, a cire hidima 35,000, saura 85,000. Ina kuɗin suke? Ga 300,000 a Maraɗi, ga turmi 40 a kanta da suka kai 480,000. Haɗa su, 780,000. Cire 195,000 da suka fita daga hannu, cire 500,000 na dila, abin da ya rage 85,000 cif. Ka ga lissafi ya haɗu ta fuska biyu.

Wannan shi ne gindin karatun akanta baki ɗaya. Kowace naira tana da inda ta fito da inda ta shiga, ana rubuta ta sau biyu, abin da littattafanku za su kira debit da kiredit. Riba daban, kuɗin hannu daban. Na ga shaguna da yawa a garin nan da suka durƙushe suna tsakiyar ciniki, don masu su ba su raba waɗannan biyun ba. Na kuma ga yaran shago da aka zarga da cin amana, aka kore su da baƙin suna, ba su ɗauki ko kwabo ba, babu dai wanda ya iya zama ya nuna inda kuɗin suka maƙale. Wannan na biyun shi ya fi ci min rai. Duk abin da za a koya maka daga baya, lissafin tsadar kaya, haraji, aikin odita, dokar kamfanoni, lissafin kuɗin gwamnati, ƙa'idojin rubuta lissafi na duniya da ake kira IFRS, waɗanda manyan kamfanonin ƙasar nan suka koma kansu tun 2012, duk a kan wannan gindin aka ɗora su. Saboda haka duk babin da ka karanta da asuba, ka gwada shi a littafin shago kafin azahar.

Na ce da asuba, don ban ga wani lokaci da ɗan Kwari yake da shi ba sai wannan. Da daddare ka dawo a gajiye, ga cunkoson hanya, ga wuta ba tabbas. Daga sallar asuba zuwa ƙarfe takwas, awa biyu kullum, sun ishe ka idan ka riƙe su kamar wuridi. Ka kuma dubi kalanda kafin ka yi rajista. Zangon da ya faɗo a kan azumi da kasuwar sallah, lokacin da ko zama ba kwa samu, ka rage yawan kwasa-kwasan da za ka ɗauka. Tsarin ya ba ka wannan dama. Gara ka gama a shekara biyar da sani a kanka, da ka tara kwasa-kwasan da ka faɗi suna bin ka.

Waya za ta kai ka wani wuri, amma ba za ta kai ka ƙarshe ba. Ka fara tara kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka ko ta hannu ce, ana samu a titin Beirut da Farm Centre, ka tafi da wanda ya san kanta ya duba maka batir. Akantan da bai iya manhajar lissafi ta Excel ba a yau, aikinsa rabi ne. Daga baya ka leƙa manhajoji irin su QuickBooks da Sage. Littattafai kuma ka sauke su gaba ɗaya lokaci guda don tsimin data, masu lissafi da yawa ka buga su a takarda, domin lissafi sai da biro a hannu yake zama.

Akwai abin da zan gargaɗe ka a kai da babbar murya. Za ka haɗu da masu cewa ka ba su kaza su yi maka aikin gida, su tabbatar maka da maki. Kada ka yarda. Shekarun baya wani kamfani a Sharaɗa ya nemi in taya shi tantance masu neman aikin akanta. Wani matashi ya zo da kwali mai kyau, sakamako abin sha'awa. Na miƙa masa takardar bayanin asusu daga banki da littafin kuɗin kamfani na wata ɗaya, na ce ya gano min dalilin da ya sa suka saɓa. Cak biyu ne kawai ba a kai banki ba, sai cajin banki da ba a shigar ba. Ya yi minti arba'in yana juya takarda, gumi na zuba. Da muka keɓe ya gaya min gaskiya, shekara huɗu wani yake biya yana yi masa aikin gida, jarrabawa kuma haddar tsofaffin tambayoyi. Na tausaya masa ƙwarai, don kuɗinsa da shekarunsa sun tafi. Wadda aka ɗauka ranar wata yarinya ce mai ƙaramar difloma, minti goma ta yi.

Maigidanka kuma kada ka ɓoye masa. Ka same shi a gida, ba a shago gaban mutane ba, ka gaya masa cikin ladabi, ka nuna masa cewa makonnin jarrabawa ne kawai za ka riƙa neman izini. Abin da yawancin iyayen gidanmu ke tsoro shi ne yaro ya yi boko ya gudu. Ka nuna masa amfanin tun yanzu: ka fitar masa da lissafin wata ɗaya a takarda guda, abin da ake bin ku, abin da kuke bi, kayan da ke kanta, ribar da aka ci. Ɗan kasuwar da ya ga wannan sau ɗaya ba ya son rabuwa da shi. Ga harkar haraji ma tana ƙara matsowa kasuwa. Harajin VAT ya koma kashi 7.5 tun 2020, an kuma sa hannu kan sabbin dokokin haraji a 2025. Shagon da ke da rubutaccen lissafi shi ke iya zama da jami'in haraji ya yi magana da hujja.

Maganar bautar ƙasa, wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri ana ba shi takardar yafewa. Waɗanda suka yi karatun da ba na zaman aji kullum ba kuma akwai wata takardar daban da hukumar bautar ƙasa ke ba su, mai nuna ba a nemi su je ba. Ka tambayi makarantar wacce ɗalibanta ke samu, ka kuma karɓi taka ka adana, ma'aikatu na tambayarta.

Abu na ƙarshe gare ka, digiri ba shi ke mai da mutum cikakken ƙwararren akanta a idon doka ba. Wannan aikin ƙungiyoyin ƙwararru ne. Akwai ICAN da doka ta kafa a 1965, akwai ANAN da aka kafa a 1979 ta samu dokarta a 1993, mai kwaleji a Kwall kusa da Jos. Mai digirin akanta daga makarantar da ICAN ta tantance ana ɗauke masa wasu daga cikin jarrabawoyin ƙungiyar, don haka wannan ma tambaya ce da za ka yi kafin ka zaɓi makaranta. Akwai kuma ATSWA, jarrabawa mai mataki uku da mai kiredit biyar na sakandare zai iya farawa ba tare da ya shiga jami'a ba. Da ni ne kai, digirin zan fara, don shi ke buɗe ƙofar aikin gwamnati a mataki na 8 da karatun gaba. Kada ka haɗa biyun a shekarar farko ga kasuwa, taura biyu ba ta taunuwa.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce da yara uku. Ina da ƙaramar difloma a fannin akanta tun kafin aure. Ina sayar da kayan kicin da turaren wuta ta WhatsApp. Maigidana ya yarda in ci gaba da karatu amma daga gida. Zan iya gama digirin ba tare da na fita ko sau ɗaya ba? Daga wata uwa a Rijiyar Zaki.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya zuri'a, ya saka wa maigida da alheri. Ba zan ɓoye miki ba, babu fita kwata-kwata ba zai yiwu ba. Za ki je tantance takardu a farko, za ki je jarrabawa ƙarshen kowane zango, a shekarar ƙarshe kuma akwai aikin bincike da za ki yi ƙarƙashin malami. Ki faɗa wa maigida wannan tun yau, da adadin makonnin, don kada ranar jarrabawa ta zo magana ta canza. Sauran karatun duk a ɗakinki za ki yi.

Diflomarki ba ta faɗi ƙasa banza ba. Mai ƙaramar difloma da sakamako mai kyau yakan shiga kai tsaye a aji biyu, shekara uku ke nan maimakon huɗu. Ki nemo takardar sakamakonki ta asali daga makarantar da kika gama tun yanzu, don fitar da ita kan ɗauki lokaci.

Abin da na fi ji miki tsoro ba wahalar karatun ba ce, kaɗaici ne. Wanda ke aji yana da wanda zai taɓa ya ce ban gane nan ba. Ke kuwa za ki maƙale a lissafi ɗaya ƙarfe sha ɗaya na dare, yara sun yi barci, ba mai tambaya. Matan da na ga sun kai ƙarshe, kusan duk sun samu abokiyar tafiya ɗaya ko biyu a ajinsu, suna tura wa juna hoton lissafin da suka yi, suna tashin juna idan ɗaya ta yi sanyi. Ranar da kika je tantance takardu ki karɓi lambar mata biyu masu kwas irin naki. Sana'arki kuma ki buɗe mata asusu nata daban da na cefane, ki yanka wa kanki albashi, ki riƙa rubuta komai har kuɗin mai kai saƙo. Mata masu sana'a a gida sun yi yawa a Kano, da yawansu ba su san ko riba suke ci ko uwar kuɗi ba, kuma sun fi sakewa su buɗe wa mace 'yar uwarsu littafi. Makarantun kuɗi da na Islamiyya ma suna neman mai riƙe musu lissafi. Aiki na jiranki tun kafin kwalin ya fito.

TAMBAYA: Na ga talla a Facebook, wata jami'ar ƙasar waje za ta ba da digirin akanta cikin wata 18, duk ta intanet, babu jarrabawa sai aikin gida, kuɗin kuma bai kai na nan ba. Wakilinsu ya ce ana karɓar kwalin ko'ina a duniya. In biya? Daga ma'aikacin kanti a Sabon Gari.

AMSA: Kada ka biya, ɗan'uwa. Araha ba ta ado. Digirin farko a wata 18 ga mai sakamakon sakandare, ba jarrabawa, wannan cinikin takarda ne. Ka tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya yi shigar burtu ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Duk kwalin da aka samo daga waje sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance shi kafin ya yi maka amfani a aikin gwamnati, hukumar bautar ƙasa kuma tana neman fasfo mai hatimin shiga da fita daga wanda ya ce a waje ya yi karatu. Kai da ba ka bar Sabon Gari ba, me za ka nuna? Akwai jami'o'in waje na ƙwarai da ke koyarwa ta intanet, amma su shekaru ake yi, da jarrabawa mai tsanani, kuɗinsu kuma da dala ko fam ne. Sannan haraji da dokar kamfanonin da za su koya maka na ƙasarsu ne, kai kuma da dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, da harajin Najeriya za ka yi aiki. Ka ce wa wakilin ya ba ka sunan makarantar a rubuce, za ka kai ma'aikatar ilimi ka tambaya. Ka ga ko zai sake kiranka.

TAMBAYA: Malam, na samu gurbin karatun akanta daga nesa, amma wani abokina ya ce aikin akanta rubuta kuɗin ruwa ne, kuma an la'anci mai rubuta shi. Hankalina ya tashi. In bari? Daga ɗalibin ilimi a Gwale.

AMSA: Malam, na ji daɗin wannan tambaya, don ta nuna kana tsoron Allah a neman abincinka. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, akanta ne, don haka hukuncin wurin aiki kaza ko kaza ka kai wa malaminka. Abin da abokinka ya faɗa yana da asali. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai cin kuɗin ruwa da mai bayarwa da marubucinsa da shaidunsa biyu. Amma ka buɗe Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Umarni ne ga muminai idan sun ƙulla bashi zuwa wani lokaci su rubuta shi, marubuci ya rubuta da adalci, kada ya ƙi rubutawa, kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Rubuta bashi da adalci kuwa shi ne abin da muke yi daga safe zuwa yamma.

A karatun za ka haɗu da lissafin kuɗin ruwa, babu makawa, yana cikin manhaja. Sanin yadda abu yake aiki shi ke ba ka damar gane shi idan an sakaya shi cikin yarjejeniya da wani suna. Na sha karanta wa 'yan kasuwa takardar da aka kawo musu su sa hannu, in nuna musu layin da ruwan yake ɓoye, su fasa. Wurin aiki kuma kana da zaɓi mai faɗi: masana'antun Bompai da Challawa, asibitoci, makarantu, ma'aikatun gwamnati, kamfanonin odita, ko ka buɗe ofishinka kana yi wa 'yan kasuwa lissafi. Ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, Kano na cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe, da TAJ da ya biyo baya a 2019. BUK ma na da cibiya ta musamman kan harkar banki da kuɗi a tsarin Musulunci, za ka iya zuwa can bayan digirin.

Tunda kai ɗalibin ilimi ne, ga wani gurbi da na daɗe ina ganin babu mutane a cikinsa. Duk shekara akwai 'yan kasuwar da ke kirana in zo mu fitar da zakka. Kashi 2.5 cikin 100 kowa ya san shi, amma na mene ne? Sai an ƙirga kayan da ke kanta da sito an yi musu kuɗi, an haɗa da na hannu da na banki, an ware bashin da ake sa ran biya da wanda aka fid da rai, an san abin da ake bin mutum. Ni ina iya fitar da alƙaluman, amma a kan mas'alar bashi sai mun ɗaga waya mun kira malami. Haka rabon gado idan mamaci ya bar shaguna da abokan tarayya, malami na jiran a ba shi adadi, iyali na jiran malami, wata da watanni dukiya na zaune. Mutum ɗaya da ya karanta Risala da Askari ya kuma iya fitar da lissafin kamfani zai sauke wa gidaje da yawa wannan nauyi. Ka je ka yi rajistarka kafin a rufe, ka kuma ci gaba da zuwa zaure wurin malaminka.